Tsawon Hannunki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata, wadda ke kwance a maƙabartar gabas da garinmu, ƙasar Dogarawa.

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwar ɗiya ga uwa, da durƙuso irin wanda kika koya mini, gwiwa biyu a ƙasa ba ɗaya ba, ina fatan wannan takarda ta tarar da ke cikin rahamar Ubangiji da yalwar makwanci. Mu dai lafiya muke, sai godiya. Yaya Isuhu lafiya, matarsa Zuwaira lafiya, 'ya'yansu sun girma har ba za ki gane su ba. Gwaggo Kulu, ƙanwar Baba, tana nan yadda kika bar ta. Haƙora sun ragu, magana ba ta ragu ba.

Na san ba ki son a baza zancen gida a kasuwa, ga shi kuwa wannan wasiƙa mutane da yawa za su karanta ta a wayoyinsu. Ki yi mini haƙuri. Laifin da zan gaya miki gaban jama'a na yi shi, don haka gaban jama'a ya kamata in faɗe shi.

Shekara shida ke nan da rasuwarki, kuma har yau akwai tambayarki da ban amsa ba. Duk hutun da na dawo daga jami'a, kina tankaɗe ko kina tsince wake, sai ki dube ni ta gefen ido ki ce, "Wai mi kuka yi can, Madam?" Madam kike kirana tun ranar da na fara zuwa lakwal, makarantar boko, da takalmi. Ni kuma sai in ce abin da wuyar bayani, in ɗauki buta in bar wurin. Ba wuyar bayani ba ce, Inna. Girman kai ne, na ɗauka ba za ki gane ba. Yau zan amsa miki, ko da na makara.

Kin san yadda gishiri yake yi da damina, ko an rufe shi cikin gwangwani sai ya sha iska ya jiƙe? To, aikina kusan haka yake. Muna ɗaukar wani ɗan falle da bai kai farcen ɗan yatsa ba, na wani abu da ake kira silikon. Daga yashi ake tace shi, irin yashin da kike dirje tukunya da shi. A kansa muke zana hanyoyin lantarki guda biyu, kamar mataji biyu da aka cusa haƙoransu cikin juna ba tare da sun taɓa ba. Sai mu shimfiɗa musu wasu zarurruka masu tsananin siranta, waɗanda gashin kai ya zama gungume a gabansu, ba a ganinsu sai da madubin da ya fi ɗakinki tsada da girma. Waɗannan zarurruka su ne gishirina. In akwai danshi cikin iskar da ke kusa da su sai su sha, lantarkin da ke tsakanin matajan ya canja, wata 'yar eriya ta aika labarin zuwa waya ta irin hanyar da magana ke bi ta shigo rediyo. Masana suna kiran wannan fanni nanoteknoloji, wato sana'ar ƙera abin da ido ba ya gani.

Da kin ga shigar da nake yi kafin in shiga ɗakin da ake ƙera su, da kin yi dariya har kin riƙe ciki. Farar riga daga kai har ƙafa, hannu a safa, baki a rufe, kamar mai shirin ɗiban zuma. Ba kwalli, ba hoda, don ƙwayar hoda ɗaya takan kashe aikin sati guda.

Ranar da malamina ya tambaye ni abin da nake son na'urar ta auna, ban yi dogon tunani ba na ce danshin hatsi a rumbu. Ya ce me ya sa. Na kawo masa dalilai na littafi, ya gamsu. Ban gaya masa ke na gani a kan tsani ba.

Bayan rasuwar Baba, Yaya bai isa ba tukuna, ke kika zama mai hawa rumbu a gidanmu. A garinmu mace ba ta leƙa rumbun mijinta yana raye, amma ke takaba ta buɗe miki shi, ba don kin so ba. Ina tuna yadda kike ɗaure zane tamau, ki taka tsanin iccen nan mai malanƙwasa, ki tura hannu cikin hatsi har kafaɗa, ki rufe ido kamar mai sauraron magana daga nesa. Sai ki zaro zangarniya ɗaya daga can ciki, ki karya ta, ki ɗora bakin karayar a leɓenki na ƙasa. In kin sauko ba ki ce komai ba, mun san lafiya. In kin ce a kawo tabarmi, mun san yini ya tafi.

Kullum maganarki ɗaya ce: "Na bisa maƙaryaci na, rana shika gani. Ki tambayi na tsaka."

Ina da shekara goma sha biyu kika kira ni in hau in tura hannu. Na tsaya a gindin tsani na ce ƙaiƙayi zai kama ni, gobe kuma akwai lakwal. Na ƙara da cewa ai Mushe, malaminmu na lakwal, ya ce a ƙasashen da suka ci gaba inji ke yin wannan aiki. Ba ki yi faɗa ba. Kika dube ni daga sama, hannunki duk dusa, kika ce, "To, Madam. Rumbu na nan, ba shi gudu." Ba ki sake kirana ba, ni kuma na ji daɗi da na tsira.

Shekara uku na yi ina gwada na'urar nan a ɗakin gwaji. In sayo tsabar hatsi tiya-tiya a kasuwa, in zuba a kwalba, in jiƙa wannan kaɗan, in busar da wancan, in saka na'ura in toshe baki. Ba ta taɓa ba ni kunya ba. Duk abin da ta faɗa, in an auna da babban injin jami'a sai a tarar haka ne. Kai ya kumbura, Inna, har ina tafiya ina jin ƙasa ta yi mini kaɗan. Ni da aka yanke wa cibiya a inuwar rumbu, ban taɓa tsayawa na tambayi kaina yaushe rabon da wani a garinmu ya ajiye tsaba cikin kwalba ba. Mu da zangarniyarsa muke ajiye hatsi, a ɗaure dami a gona, a kawo gida a kwance a jera cikin rumbu. Na san wannan tun kafin in san baƙi, amma da na shiga farar riga sai na bar shi a bakin ƙofa tare da takalmina.

Kakar bara na kawo na'urar gida. Gonarki ta yi kyau, Yaya ya ɗaure dammai ya tara su a bakin gona. Sai ga wani ruwa na ƙarshe da babu wanda ya gayyace shi, ya sauka a kansu yini guda. Rana ta fito kwana biyu, bayan dammai ya bushe ƙayau. Yaya yana sauri, don an kusa sakin dabbobi cikin gonaki, abokan tafiyarsa ci-rani kuma sun tsayar da rana. Ya ce tun da ga masaniya a gida, a gwada a gani ko za a iya zubawa.

Aka kwaso dammai gida, mutane suka taru a ƙofar gida, har da masu wucewa zuwa kasuwa. Na ɗora na'ura a bayan dami, na ɗaga waya sama don kowa ya gani. Ta ce ya bushe. Na gwada na biyu, na uku, har goma, amsa ɗaya. Ana ta salati, ana cewa ɗiyar gidan Malam, wato Baba, ta kawo abin mamaki.

Gwaggo Kulu ce kaɗai ba ta yi salati ba. Ta dogara sanda ta matso, ta cusa hannu cikin dami, ta zaro zangarniya ɗaya daga tsakiya, ta karya, ta ɗora a leɓe. Ta ce, "Hatsin ga da sanyi cikinai. A ba shi kwana huɗu." Ni kuma, Allah ya yafe mini, na yi murmushi irin na 'yan buro, ma'aikatan ofis, na ce Gwaggo, wannan abin ba ya kuskure, shekara uku ake gwada shi. Wani ya yi dariya. Gwaggo ta jefar da zangarniyar ta ce, "To, Madam." Ko da na ji kalmar a bakinta gabana bai faɗi ba, nasara ta toshe mini kunne.

Yaya ya tsaya tsakanin gwaggonsa da ƙanwarsa, ya zaɓi ƙanwarsa, don yana alfahari da ni kuma yana son mutane su gani. Aka jera hatsi a babban rumbu, wanda ba a taɓawa sai damina ta faɗi an shiga noma, aka kifa jinka. Ya auna wa Zuwaira abincin rani a ƙaramin rumbunta, ya tafi kudu. Ni ma na koma jami'a da hoton na'ura a kan dami, malamina ya sa shi a gaban bayanin aikinmu.

Da zan taho, Zuwaira ta ƙulla mini 'yan zangarniyoyi daga tsakiyar dami na ƙarshe cikin leda, wai in tuna da gida. Na jefa ledar bayan ƙofa na manta. Bayan sati biyar ina shara na ci karo da ita. Ina buɗewa wari ya buge ni, irin na zanen da aka naɗe da jiƙa. Hatsin ya yi furfura. Na karya ɗaya, kuma a karo na farko a rayuwata na ɗora a leɓena. Ban san abin da ake ji ba, amma na ji shi.

Na ruga ɗakin gwaji. Na shanya zangarniya ɗaya a rana na ɗan lokaci, na ɗora na'ura a bayanta, ta ce ta bushe. Na kakkarya ta na zuba a kwalba na toshe, na jira, na'urar nan dai ta ce jiƙe take sharkaf. Nan na zauna a ƙasa da farar rigata. Na'urar ba ta yi ƙarya ba, Inna. Iskar da ke kusa da ita kaɗai take ji, tazarar da ba ta kai kaurin yatsa ba. A cikin kwalba iskar ta hatsi ce. A bayan dami iskar ta rana ce. Na bisa na tambaya, shi kuma ya ba ni amsar da ya saba ba kowa.

Yanzu zan gaya miki abin da ya fi kuskuren muni. Kwana biyu na yi ban gaya wa kowa ba. Na san Zuwaira ba za ta leƙa rumbun mijinta ba, Yaya kuma ba zai dawo ba sai bazara ta yi nisa. In an buɗe a lokacin aka tarar da baƙin hatsi, za a ce jinka ce ta yi yoyo, ko a ce ƙaddara, a yi ta'aziyya a watse. Babu mai tuna wayar da aka ɗaga wata shida baya. Sunana zai tsira, hoton malamina zai tsira, 'ya'yan Yaya kuma su shiga damina da ciki wayam. Na auna waɗannan abubuwa a zuciyata kamar masu nauyi ɗaya, kuma wannan shi ne abin da har yau nake jin kunyarsa.

A rana ta uku na kira Yaya. Na gaya masa komai ban rage ba. Da na gama ya ce, "Rakiya, gaban mutane kinka ce ya bushe." Na ce gaban mutanen zan je in ce bai bushe ba. Sai ya ce, "Ki hau. Rumbun gidan ubanki na."

Na kama mota zuwa Konni, daga tasha na shiga taksin Dogarawa, mu takwas a mazaunin mutum biyar, daga nan ɗan kabu-kabu ya ƙarasa da ni. Ban shiga gida ba, wurin Gwaggo na fara zuwa. Na same ta tana ɓarar gujiya. Na durƙusa gwiwa biyu, na buɗe baki zan fara jawabin da na shirya tun daga hanya. Ko kai ba ta ɗaga ba ta ce, "Na san kina tahe. Hancina ya gaya mini tun sati biyu, amma wa ni da rumbun da mai shi bai ce a buɗe ba?" Ta miƙo mini gujiya ta ce in ci, tafiya ta yi nisa. Da ta zage ni da ya fi mini sauƙi.

Da hantsi maƙwabta biyu suka ɗage jinka. Na ɗaure zane, na taka tsanin nan naki, har yanzu yana nan da malanƙwasarsa. Hatsin sama fes, ja-ja, kamar ranar da aka zuba shi. Zuciyata ta fara raya mini ko dai na tayar da hankalin mutane a banza. Na laluba jaka zan fito da na'ura, sai muryar Gwaggo daga ƙasa: "Aje ƙarhen ga. Tura hannu."

Na tura zuwa wuyan hannu, ba komai. Zuwa gwiwar hannu, ba komai. Ta ce, "Har kahwaɗa." Na kwantar da ƙirjina a bakin rumbu, kuncina a kan yumɓu, na tura har inda hannu ya ƙare. A nan na ji ɗumi, irin na tokar murhu da safe. Hatsi mai ruwa in aka rufe shi yakan fara dafa kansa, wannan na karanta shi a littattafai har na rubuta shi a jarrabawa. Ban taɓa sanin yana da laushi a yatsa ba. Sai na tarar idona a rufe yake, ban san lokacin da na rufe shi ba. Na yi kuka a kan tsanin nan, Inna, mutane suna kallo, kuma ba hatsin kaɗai nake yi wa ba.

Kwana uku muka yi muna fitarwa. Matan unguwa suka kawo tabarmi, aka shimfiɗa tun daga tsakar gida har bakin hanya. Kin san garinmu, rumbu ba ya buɗewa da rani ba tare da baki ya buɗe ba. Wani ya ce Isuhu sayarwa zai yi, wani ya ce rabon gado ne ya tashi. Gwaggo ta zauna a kan turmi tana korar kaji da masu tsegumi da sanda ɗaya, tana cewa gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba. Ni kuma duk wanda ya tsaya sai in tashi in gaya masa ni na ce a zuba, Gwaggo ta hana, ban ji ba. Sau nawa na faɗa ban sani ba, na dai san na farko ya fi ɗaci.

Na sama da na gefe sun tsira. Na tsakiya ya yi baƙi ya dunƙule, ko awaki ba a ba su ba, rami aka haƙa masa. Abincin kusan wata biyu ne na gidan Yaya. Na cike musu gurbin da na kasuwa, amma ni da ke mun san hatsin buhu ba hatsin gonarki ba ne. Ranar da ake binnewa Zuwaira ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

A yini na ƙarshe hannuna ya kumbura da ƙaiƙayi, ja wur har kafaɗa. Gwaggo ta kama shi tana shafa mini man shanu. Ta juya shi, ta auna da taƙinta, ta ce, "Hannun uwarki na, tsawonai da komi. Shekara ashirin shina rataye banza."

Da na koma na gaya wa malamina. Bai ji daɗi ba, ya cire gilashi ya daɗe yana goge shi. Daga baya ya ce a sauke hoton, kuma abin da ya faru ya shiga kundina babi guda, kada in rage komai. Muka sake aikin daga tushe. Yanzu na'urar ba ta zama a bayan dami. A jikin wata siririyar sanda take, ana cusa ta cikin hatsi a bar ta can, da 'yan fallaye uku a jere, kowanne yana ba da labarin inda yake. Babban rumbu ana haɗa masa sanda biyu. Gwaggo da kanta ta ce in na gama in kawo mata ɗaya, don tsani ya fi ƙarfinta yanzu, 'yan matan yanzu kuma duk Madam ne. Shi ya sa ban watsar da aikin ba. Leɓɓa irin naku suna ƙarewa a garinmu, kuma ba na son abin da suka sani ya bi su maƙabarta.

Da mai zanen sandar ya tambaye ni tsawon da za a yi mata, na ce ya ba ni minti ɗaya. Na shiga bayan ƙofa da ma'auni, na auna daga kafaɗata zuwa kan dogon yatsa. Falle ɗaya a wuyan hannu, ɗaya a gwiwa, ɗaya a inda na ji ɗumi. A cikin kundin da zan kare gaban malamai wata mai zuwa, an rubuta tsawon da santimita kamar kowane awo. In sun tambaye ni daga ina na samo lambar, wannan karon ba zan kawo dalilin littafi ba, zan ce hannun uwata ne.

To, Inna, kin ji abin da muke yi can. Shekara da shekaru na sha hanya, na shiga farar riga, na ƙera abin da ido ba ya gani, don in isa wurin da kika kira ni ina da shekara goma sha biyu, taku biyar daga ƙofar ɗakinki. Kin ce rumbu na nan, ba ya gudu. Gaskiyarki, na same shi inda kika bar shi. Ke ce ban samu ba. Ki yafe mini.

Allah ya jiƙan ki, ya jiƙan Baba, ya sanyaya makwancinku, ya haskaka shi. Yadda kika ciyar da mu daga rumbun da ba ki so hawansa ba, Allah ya ciyar da ke daga abin da ba ya ruɓewa. Ya ba Yaya da iyalinsa damina mai albarka, ya ƙara wa Gwaggo lafiya, ni kuma ya raba ni da girman kai kafin in zo inda kike. Amin.

Ɗiyarki mai kewarki,
Rakiya, wadda kike kira Madam.